Tankin Tsohuwa

A layinsu kowa ya san lokacin da Tsohuwa take wucewa. Ba kullum ba ne, kuma ba ta daɗewa. Rana ta faɗi, sama ba ta gama yin baƙi ba, sai wani ɗigon haske ya ɓullo ta bayan ƙarfen sabis ɗin waya, ya walƙa, ya ɓace, ya sake walƙawa can gaba. Mai faci ne yakan fara hango ta, don shi ne yake rufe aikinsa da kwanciya rigingine a kan benci.

"Mai-Awo, fito. Ga budurwarka tana kashe mana ido."

Sai Mai-Awo ya fito daga barandar da yake gyaran firij, ya goge hannu a jikin wando, ya ɗaga kai. "Ita ce," yakan ce. Maƙwabta su yi ta santi: sauran taurarin ɗan'adam wucewa suke sumul kamar 'yan makaranta a layi, tasa ce kaɗai mai kwalliya. Bai taɓa gaya musu cewa tauraro mai lafiya ba ya walƙiya haka ba. Wanda ya mutu ne yake wulwulawa babu mai riƙe da shi, duk sa'ad da fikafikansa suka kalli rana sai su wurgo haske. Abin da layin yake yabawa gawa ce take birgima, kuma shi ne ya san dalilin da ya sa ba a binne ta ba.

Da gyaran firij ya fara, da shi kuma ya ƙare. A tsakani ne ya yi shekaru masu yawa a tashar da ake sarrafa tauraron. Na'urar sanyaya ɗakin kwamfutoci ce ta kai shi can yana saurayi, ya gyara, aka sake kiran sa, aka ɗauke shi. Mutum ne mai jin zafi da sanyi a tafin hannu kafin agogo ya nuna. Da aka harba tauraron don ya riƙa ɗauko hoton gonaki da koguna, aka tura shi kwas, ya dawo aka ba shi kujera a sashen da ke lura da ɗumin jikinsa. Daga nan awon mai ya faɗo hannunsa.

A sama babu allurar da za ta nuna maka sauran mai kamar a mota, don man ba ya kwanciya a gindin tanki, yawo yake. Dabarar ita ce a kunna hita a jikin tankin a zuba ido. Tukunya cike tana jinkirin ɗaukar zafi, wadda ta kusa ƙonewa nan da nan take amsawa. To, amma awon ba ya ba ka lamba guda. Yakan ce maka man yana tsakanin kaza da kaza, kai kuma ka zaɓi abin da za ka kai wa manya. Kuma dokar aikin a fili take: idan mai ya sauka zuwa wani matsayi, a daina ɗaukar hoto, a yi amfani da ragowar a gangaro da tauraron ya ƙone a iska, ya ba wa wasu hanya. Ranar da aka yi haka, tasha ta gama aiki.

Saboda haka duk ƙarshen wata, a ɗakin taro mai doguwar taga, magana takan zagaya ta zo kansa. Darakta ya cire tabarau. Masu digiri biyu-biyu su ajiye biro. "To, Mai-Awo, Tsohuwarmu za ta kai baɗi?" Shi kuma ya yi gyaran murya, ya ɗan ja lokaci, sannan ya faɗi lambar sama. Bai ƙirƙiro ta ba, tana cikin awon. Sai dai a ƙarshen can take, inda mai hankali ba ya jingina. Da ya faɗe ta sai kafaɗu su sauka, wani ya yi dariya, Darakta ya miƙo hannu ya dafa shi. Wata mai zuwa, da yake ba ka iya cewa tankin da ya yi kaza jiya ya zube yau ba tare da bayani ba, sai ya ɗora a kan lambar da ya faɗa. Haka tazarar ta yi ta buɗewa, shi kaɗai yana kallon ta.

Ranar da aka zo gangaro da ita, da hantsi ne, ɗaki cike. Aka kunna injin, ya kama, bai yi nisa ba ya yi tari ya ɗauke. Aka sake, shiru. Wani injiniya daga bayan ɗakin ya ce, "Bawul ɗin da ke buɗe wa mai hanya ne ya maƙale." Duk suka juyo suna kallon Mai-Awo. Bai ce bawul ne ba. Kai kawai ya gyaɗa. Da wannan gyaɗawar aka rubuta cewa Tsohuwa ta mutu da manta a ciki, aka rufe tasha, aka yi masa walimar ritaya har da agogon bango.

Autarsa ce ta gaje shi. Tun tana firamare yake ɗaukar ta ranar hutu ta ga babban faifan eriyar yana juyawa, ta girma tana gaya wa ƙawaye babanta yana tuƙa tauraro. Yanzu tana aiki a wani kamfani da ke ƙera abin da ita da kanta take kira janwen sama: na'ura mai hannaye da za ta je ta cafko matattun taurari ta gangaro da su. Falakin da taurarin ke bi ya cika. Sababbi suna ta hawa, tsofaffi ba sa sauka, kuma idan biyu suka yi karo tarkacensu yakan watsu ya zama harsashi ga kowa. Aikin Auta shi ne ta ce wanne za a iya taɓawa, wanne ba za a iya ba.

Ta zo ranar Asabar da la'asar, ta same shi tsugune bayan firjin matar mai kanti.

"Baba, har yanzu ba ka bar wa yara sana'ar nan ba? Gwiwar fa?"

"Gwiwar ta ce in gaishe ki. Miƙo min filaya."

Ta miƙa, ta jawo kujerar roba ta zauna kusa, jakarta a cinya. Malama, uwarta, ta leƙo daga kicin ta ce a bar yarinya ta sha ruwa tukuna, ba wanda ya kula ta.

"Maganar Tsohuwa ce ta kawo ni," in ji Auta. "Za a zaɓi wanda janwenmu zai fara ɗauka. Tana cikin biyun ƙarshe. Inda take nan hanya ce mai cunkoso, kwanan nan ma saura ƙiris ta yi karo da wani na hasashen yanayi, sai da masu shi suka kauce."

Filayar ta tsaya a hannunsa. "To, ai alheri ne."

"Ni na hana."

"Ke?"

"Baba, tanki da mai a ciki, rana tana gasa shi shekara da shekaru? Ka matse shi da hannun ƙarfe, ai bom ka runguma. In ya fashe mun rasa janwe, mun kuma cika hanyar da tarkace. Akwai wani a ofishinmu, Dogo, shi ne ya nace. Wai ya duba yadda take juyi, babu alamar ruwa yana kaɗawa a ciki, wai gwangwani ce fayau. Na miƙe a taro na ce masa wanda ya auna tankin nan yana raye, kuma ubana ne, bai taɓa kuskuren awo ba."

Malama ta fito da kofi a faranti. "Haka kika ce masa? Allah ya yi miki albarka. Yaran yanzu, sun ga abu a kwamfuta sun fi wanda ya yi aikin sani."

"Shi ya sa nake so jibi ka shigo taronmu ta bidiyo. Minti kaɗan ne. Ka faɗa musu da bakinka, a cire ta daga jerin, a huta."

"In an cire ta, sai yaushe?"

Auta ta ɗaga kafaɗa. "Ba a zamaninmu ba. A tsayin da take, jikokin jikokina ma za su gan ta. Sai dai in wani ya buge ta kafin nan."

"Ka je ka sa wa yaron nan baki, Baban Auta," in ji Malama. "Ka sa rigar nan mai ruwan toka. Kuma ka yi aski, kar a ce uban injiniya mahaukaci ne."

Ya ce to. Ya sunkuya ya ci gaba da kwance wayar da ya riga ya ɗaure daidai.

Washegari da safe ya fita da sunan neman gas ɗin firij, alhali akwai a gida. Ya bi titin masu walda, ya tsaya gaban wani shago yana kallon tartsatsi. Abin da ake so ya yi bai fi abin da ya taɓa yi wuya ba. Za a tambaye shi, ya gyaɗa kai. Darakta ya rasu. Injiniyan da ya ce bawul ne, ya yarda da maganarsa har zuciya. Babu mai iya hawa ya buɗe tankin. Ya gwada wa kansa dalilin da ya daɗe yana ajiye da shi saboda irin wannan rana: tashar tana ciyar da gidaje da yawa, masu gadi, direbobi, matar da ke shara, shi ya ja musu kwana. Dalili ne mai kyau, ya sha goge shi har yana ƙyalli. Sai dai duk lokacin da ya ɗauko shi, ba fuskar mai shara yake gani ba. Ɗakin taron yake gani, da shirun da ake yi kafin ya buɗe baki.

Ya dawo hannu wofi. Malama ta tafi gaida wata maƙwabciya da ta haihu. Auta tana baranda da kwamfutarta a cinya.

"Ina gas ɗin?"

"Auta, zo ki taɓa nan."

Ta taso tana dariya. Ya ɗora hannunta a kan bututun bayan firjin, ya kunna. Kafin ta ce wani abu bututun ya ɗau zafi, ta janye.

"Haka yake yi in babu komai a ciki," ya ce. "Haka tankin Tsohuwa yake yi min a shekarunta na ƙarshe. Ina kunna hita yake amsawa."

Ta dube shi, dariyar ba ta gama barin fuskarta ba. "Ban gane ba."

"Kin gane. Dogon naku ya yi daidai. Bawul lafiyarsa ƙalau. Mai ne ya ƙare."

Ta koma ta zauna a hankali, ta rufe kwamfutar. A titi wani mai babur yana ta danna hon yana kiran wani. Sai da ya gaji ya tafi sannan ta yi magana.

"Kuskure ka yi a awon?"

Ga ƙofa ta buɗe masa, da hannunta. Ya kalle ta, ya ji yadda zai yi sauƙi.

"A'a. Na san inda yake. Lambar sama nake faɗa musu."

"Tun yaushe?"

"Tun kina sakandare."

"Baba, ka san a gaban su wa na miƙe? Shugabarmu tana wurin. Mutanen inshora suna wurin. Na ce wa mutum ya je ya koyi aiki. Na kira sunanka." Muryarta ba ta tashi ba, ƙasa ma ta yi. "Takardar da na rubuta ta kammala digiri, da lambarka na yi ta. Na sa maka godiya a shafin farko."

"Na gani."

"Ka gani. Ka ma sa ta a gilashi."

Ya tsaya da tsumma a hannu kamar yaron shago da aka kama. Ta miƙe ta shiga falo, ta fito, ta sake zama.

"To ga yadda za a yi," ta ce, idonta a kan tayal ɗin ƙasa. "Gobe ba sai ka shigo ba. Zan ce ba ka da lafiya, kuma abin ya daɗe, ba ka tuna daidai ba. Ni kuma in janye maganata a hankali, in ce na sake duba lissafin Dogo. Shi ke nan. Mama ma ba sai ta ji ba."

Ya lura ba ta ce don wa ba, shi ko ita. Bai tambaya ba. Ya san yadda mutum yake rasa amsar wannan tambayar.

"In kin janye, za su ɗauke ta?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Ke ce mai cewa a taɓa ko kar a taɓa. Ga rahoton tasha ya ce da mai, ga yaro ya ce yana ganin babu. Ke za ki tura janwe a kan yana gani?"

"A'a," ta ce. "Ba zan tura ba."

"To."

Ranar Litinin ya yi askin, ya sa rigar mai ruwan toka. Malama ta goge teburin cin abinci sau biyu, ta kawar da kwandon magunguna daga inda kyamara za ta gani, ta ce za ta zauna a kicin kar ta dame su, amma a ɗaga murya. Auta ta ja ƙofar kicin ɗin ta rufe.

Fuskoki suka fito a allon, kowace a ɗan akwatinta. Shugabar, mace mai furfura a gaban goshi, ta gaishe shi da ladabi, ta ce sun ji labarinsa da yawa. Dogo yana can gefe, saurayi ne siriri mai tabon ƙuraje, ya fi kama da wanda za a aika sayen katin waya. Ya ce, "Ina wuni, Baba," ya sunkuyar da kai kamar mai jiran bulala.

Suka yi shiru suna jiran sa. Irin shirun nan ne. Ya ji daɗinsa ya taso masa a ƙirji kamar da, har a wannan ranar, kunyar hakan ta fi ta abin da zai faɗa.

"Tankin babu komai," ya ce. "Rahoton da aka rubuta ba daidai ba ne, kuma ni na sa aka rubuta shi haka. Na yi shekaru ina ba da lambar da ta fi gaskiya yawa. Ranar da injin ya ɗauke na san mai ne, na bari aka ce bawul."

Wani a allon ya gyara zama. Auta tana gefensa, hannuwanta a ƙarƙashin tebur.

Ya jira a tambaye shi dalili. Ya zo da gidajen nan da yawa, da masu gadi da mai shara, a shirye a bakinsa. Shugabar ta rubuta wani abu ta ɗago.

"Za ka iya tuna lambobin ƙasa, Baba? Waɗanda ba ka bayar ba."

"Ina tuna su."

"Da saurin ɗaukar zafin tankin a awon ƙarshe?"

"Shi ma."

Dogo ya matso kusa da kyamararsa, tsoron ya bar shi. Ya yi ta jero tambayoyi: hita ɗaya ake kunnawa ko biyu, a inuwa ake awon ko a rana, bututun da ke zuwa injin fa, zai iya riƙe ɗan saura? Mai-Awo ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ɗaga masa murya, babu wanda ya ce ya kyauta da ya faɗa. Matar inshora ta ce za su buƙaci ya maimaita a rubuce da sa hannu, kuma za a aika wa hukumar da ke rajistar taurari a gyara bayanin, da sunansa a jiki. Ya ce ya yarda. Shugabar ta juya ga Auta.

"Kina nan a kan ƙin amincewarki?"

"Na janye," in ji Auta. "Kuma ina ba Dogo haƙuri a kan abin da na faɗa masa."

"To. In lambobin sun dace da juyinta, ita za mu fara ɗauka. Mun gode, Baba."

Akwatunan suka mutu ɗaya-ɗaya. Auta ta naɗe wayar caja a hannunta, ta saka komai a jaka. Malama ta buɗe ƙofar kicin da cokali a hannu.

"Ban ji komai ba, kun rufe ni kamar kaza. An ci nasara?"

"An sa ta a layi," in ji Mai-Awo.

"Wane layi? Ba cire ta za a yi ba?"

"Zan yi miki bayani. Bari in raka ta."

"Raka ta ina? Ga abinci na sauke."

Auta ta rungumi uwarta ta ce aiki ne, dole ta kama hanya da sauran rana. Ya ɗauki jakar ya bi ta har mota. Ta shiga, ta tayar, ba ta ja ba. Ta sauke gilashi.

"Su ba su tambaye ka ba. Ni ina tambaya. Me ya sa?"

"Tashar nan, Auta, mutane da yawa ne suke ci a…" Ya tsaya. Ya dafa rufin motar, ƙarfen da zafi. "Ba shi ba ne. In na faɗi lamba mai daɗi, akwai yadda suke kallo na. Shi nake so. Ba wani abu."

Ta kama sitiyari.

"Takardar inshorar za ta zo cikin makon nan," ta ce. "Kar ka sa hannu sai na karanta."

"To."

"Kuma kai za ka gaya wa Mama. Ni ba zan iya ba."

Ta ɗaga gilashin ta ja motar. Ya tsaya har ta sha kwana. Malama tana bakin ƙofa tana jiran sa, tana cewa shinkafa za ta huce, kuma ita ba ta gane wannan irin nasara da kowa ya fito fuska a ɗaure ba.

"Zo mu zauna," ya ce. "Ajiye cokalin."